KWANDALA MAI TAMBARIN KIFI

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina sauran, ina sauran", na ji ku. Wata har cewa ta yi girkinta ya ƙone tana leƙen waya. Baiwar Allah, ba ni na ce ki bar tukunya a wuta ba.

Sabbin shigowa, ga inda muke. Auta ita ce mai karɓar kuɗi a gidan burodi. Wata rana ta tsinci kwandala a cikin canji an buga mata tambarin kifi, irin wanda tsohon kamfanin jirgin fito ke bugawa a kuɗin da yake biyan ma'aikatansa. Dillalin tsoffin kuɗi ya saye ta da tsada. Daga nan kifaye suka yi ta faɗowa durowar Auta, tana kai masa yana saye. Yau da hantsi ya kira ta ya ce ta zo yanzu-yanzu, ya kashe waya.

*

Ko sallamarta bai amsa da kyau ba.

Kujerar da ya saba turo mata da ƙafa yana cewa "zauna 'yata" tana can jingine da bango. Bai ko kalli wajen ba.

"Baba ina kwana."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kantar gilashi, ya zazzage kwandaloli a kai. Duk ta san su. Ita ta kawo su ɗaya bayan ɗaya, a naɗe cikin takardar burodi.

"Na wa ne waɗannan?"

"Ai waɗanda na kawo maka ne Baba. Ba ka ce wani likita mai tara tsoffin kuɗi ya saye su duka ba?"

"Ya saya. Ya kuma dawo da su. Ba miƙo min ya yi ba, watso min ya yi a fuska. A gaban maƙwabta. Ni da furfurata ina durƙushe ina tsintar kuɗi a ƙasa."

"Subhanallahi! A kan me?"

Ya jawo fitilarsa mai dogon wuya, ya kunna, ya dangwara mata gilashin ƙara girma a tafin hannu.

"Karanta min shekarar da ke jikin wannan."

Ta sunkuya ta karanta.

"Jirgin fito yaushe ya daina aiki?"

"Tun da aka gina gada. Kai ka faɗa min."

"To wannan kwandalar, lokacin da aka ƙera ta gadar har ta tsufa an sake mata kwalta. Kamfanin ya mutu, jiragen an sayar wa masu tsohon ƙarfe. Daga kabari suka taso suka buga mata kifi?"

Auta ta ɗago.

"Ban gane ba Baba."

"Za ki gane."

Ya buɗe ƙaramin akwatin ƙarfe, ya fito da wata a cikin auduga. Ta farko ce. Ashe bai sayar da ita ba, don kansa ya ajiye.

"Kuɗin da ya sha yawo a hannun mutane komai nasa tare yake tsufa. Dubi ƙarjin nan a jikin ta farko. Kin ga ya hau kan kifin ya ratsa ya wuce? Kifin ya riga shi zuwa. Yanzu dubi wannan. Ƙarjin ya zo bakin kifi ya tsaya cak, sai a ɗaya gefen ya ci gaba. Me ya nuna miki?"

Ta sake kai gilashin kan kifin.

"Kifin ne ya zo daga baya ya danne shi! Jiya-jiya aka buga shi!"

Ya zari tsinken sakace ya caka a ramin tambarin, ya ƙwaƙulo wani baƙin abu, ya kai mata hanci.

"Shinshina. Dattin shekaru ne wannan? Man goge takalmi ne da toka. Dubi ƙasansa yadda yake ƙyalli kamar sabon cokali."

Ta ture tsinken daga hancinta. 

"To ai ni ma cuta ta aka yi! A cikin canji nake samunsu, Allah ne shaidata!"

"Haka kika faɗa a bidiyo."

"Bidiyon da kai ka ce in yi!"

"Kina murmushi, kina cewa jama'a ku riƙa duba canjinku, arziki na yawo a aljihu. Mutum nawa suka gani? Har yara a layin nan sun san Auta mai kifi."

Ta ajiye gilashin da ƙarfi har kwandalolin suka yi ƙara.

"Dakata Baba. Me kake so ka ce? Ni na buga su? Ni da ko ƙusa ban iya kafawa ba sai na daki yatsa?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba? Kai ne fa mai gilashi! Kai ne mai fitila! Kai kake juya su kana gyaɗa kai kana cewa na gaske ne. Ni burodi nake sayarwa. Da ka ce min jabu ne tun a ta biyu, da na mayar da ita durowa na ba wani canji, shi ke nan. Yau kuma ni ce ɓarauniya?"

Dillali ya cire tabarau ya ajiye. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ta farko na duba ta ciki da waje. Ta biyu ma na duba, amma sama-sama. Daga nan na daina duba kuɗi, fuskarki nake dubawa. Wannan wautata ce, kuma na biya ta yau da safe. Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'ar, ba wanda ya taɓa kirana macuci sai yau."

Ta kawar da kai. Amma zuciyarta ba ta sauka ba.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "Ɗauki gilashin. Dubi ƙarƙashin idon kifin ta farko."

Ta duba. Wani ɗan tabo ne kamar an soka da allura.

"Wannan ba daga ƙarfen buga tambarin kamfani yake ba. Na gasken da na gani a rayuwata ba su fi a ƙirga da yatsu ba, babu mai shi ko ɗaya. Buguwa ce, wani abu ya sare ta a yawonta. Ita kaɗai ke da shi. Yanzu bi sauran da kallo."

Ta ɗauki ɗaya. Akwai tabon.

Ta ɗauki wata. Akwai.

Ta uku ma haka.

"Wanda ya sassaƙa ƙarfen da aka buga waɗannan, ta farkon ya ajiye a gabansa yana kwaikwaya, har ciwon da ke jikinta bai bari ba. A bidiyo ba a ganin tabon nan, sai da gilashi. Daga hannunki ta zo hannuna. To ki faɗa min, wa ya riƙe ta a tsakani?"

Auta ta ajiye gilashin a hankali.

Ranar da ta tsince ta, gida ta fara kai ta. Mijinta, mai yankan makulli da zanen suna a jikin ƙarfe, ya juya ta a hannu ya ce, "Bar ta a wajena kwana biyu in tambaya miki farashi, kada tsohon nan ya yi miki wayo." Har daɗi ta ji a lokacin, ta ce maigidana na kishin haƙƙina.

"Kin san shi," in ji Dillali. "Fuskarki ta faɗa."

"Ban ce komai ba."

"Ba sai kin ce ba. Likita ya ba ni zuwa tashin kasuwa. Ki kawo min ƙarfen da mai shi. In ba haka ba da 'yan sanda zai dawo, ni kuma suna ɗaya na sani, naki."

Ta tsinci ɗaya daga cikin jabun ta damƙe a hannu. Ko sallama ba ta yi masa ba.

*

Ba ta san yadda aka yi ta tsallaka titi ba. Wani mai babur ya taka birki yana zaginta, ko waiwaye ba ta yi ba. Wayarta na ta ruri a jaka, mai gidan burodi ne, tun ɗazu ta bar masa kantar burodi ba kowa. Ta bar ta tana yi.

Tun daga nesa take jin kukan injin yankan makulli.

Mijinta na tsaye ya sunkuya a kan injin, garin tagulla ya yi masa fari-fari a gashin hannu. Makullai na reto a jikin ƙusoshi. Wani mutum na zaune a benci yana jiran nasa.

Ta miƙa hannu bango ta kashe wutar.

Injin ya yi shiru.

"Ke lafiya? Aiki fa nake!"

Ta juya ga mutumin. "Malam, yi haƙuri ka dawo anjima."

"Ai saura kaɗan ya gama min..."

"Na ce ka dawo anjima."

Mutumin ya kalli idonta sau ɗaya, ya ɗauki hularsa ya fice.

"Auta, wane irin rashin hankali ne wannan? Ki korar min mai ciniki? Me ya fito da ke daga wajen aiki?"

Ta buɗe tafin hannunta ta dire kwandalar a kan teburinsa.

"Ina ƙarfen?"

"Wane ƙarfe?"

"Abban yara, kada ka raina min hankali. Yau ba ranar ba ce."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Shago cike da ƙarfe kina tambaya ta ƙarfe. Na ƙofa kike so ko na akwati?"

Ba ta sake magana ba. Ta fizgo durowa ta farko ta kife a ƙasa. Magagarai da ƙananan ƙusoshi suka watse. Ta fizgo ta biyu.

"Ke! Kin haukace ne?"

Ta nufi akwatin katakon da yake jera ƙarafan buga haruffa. Nan ya yi wuf ya dafe murfin da hannu biyu.

Ta kalli hannun. Ta kalle shi.

"Ɗage."

"Ba komai a ciki sai haruffa."

"To me kake karewa? Ɗage, ko wallahi in fita titi in tara maka jama'a."

Ya ɗage.

Can ƙasan haruffan, a naɗe cikin tsumma, akwai wani guntun ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba. Ta ɗauko makullin da ba a yanka ba ta ɗora a kan teburi, ta kafa ƙarfen, ta ɗaga guduma da hannu biyu ta sauke.

Ƙau!

Ta ɗauke ƙarfen. Ga kifi kwance a jikin makulli. Ga ɗan tabo a ƙarƙashin idonsa.

Ta tura masa makullin har ya daki cikinsa.

"Wannan wane harafi ne?"

Ya yi wuƙi-wuƙi da ido. Ya kalli ƙofa. Sai kuma ya ja kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"To. Ni ne. Sai me?"

"Sai me? Sai me ka ce?"

"Wa na kashe? Masu kuɗi ne da ba su san abin da za su yi da kuɗi ba, suna sayen kwandala ɗaya da abin da zai ciyar da gida wata guda, don kawai an zana mata kifi. Kifi suke so, na ba su kifi."

"Ƙarya ka sayar musu!"

"Aikin hannu na sayar musu. Kin san daren... kin san wahalar da na sha a kan ƙarfen nan? Da allura na fitar da ƙayar bayansa ɗaya-ɗaya. Tsohon naki mai gilashi da fitila ya duba ya ce na gaske ne. Shekara da shekaru ina zaune a nan ina yanka makullin banɗaki, ba wanda ya taɓa cewa sannu. Yau aikina na cikin akwatin gilashi a gidan likita."

"Yana ƙasan shagon Baba, an watsa masa a fuska! Ko shekarar da ke jikin kuɗin ba ka iya dubawa ba, gwanin banza!"

Nan fuskarsa ta canza.

"An gane?"

"Au, yanzu ka ji? An gane, kuma kafin a tashi kasuwa 'yan sanda za su zo. Ba wajenka ba. Wajena."

Ya miƙe. "To ki kwantar da hankalinki. Ki tsaya a kan maganarki, a canji kika samu. Ai gaskiya kika faɗa, ba wanda zai kama ki da ƙarya. Shi ya sa ma ban gaya miki ba."

"Maimaita."

"Na ce shi ya sa ban gaya miki ba. Ke ba ki iya ƙarya ba Auta, kowa ya sani. Da kin sani, da tun a ƙofar shagon muryarki za ta tona mu. Ni in na kai, wa zai saya a hannun mai sassaƙa ƙarfe? Amma ke, da fuskar nan taki..."

Marin ya sauka kafin ya rufe baki.

Ita kanta ba ta san hannunta ya tashi ba. Tun da aka ɗaura musu aure ko murya ba ta taɓa ɗaga masa a waje ba.

Ya dafe kunci. "Ni kika mara?"

"Fuskata ka sayar! Ba kwandala ka sayar ba, ni ka sayar! Abin da nake da shi ke nan a duniya. Mai gidan burodi makullin durowa yake bar min ya yi tafiyarsa, bai taɓa bin bayana ba. Tsoho ya kira ni 'yarsa. Ka ɗauki wannan ka buga masa kifi ka kai kasuwa!"

"Da kuɗin ke shigowa ban ji kin yi wannan wa'azin ba. Wa ya yi rawa a tsakar ɗaki ranar da aka sake rufin kwano? Takalman makarantar yara daga sama suka faɗo?"

"Na yi rawa don na zaci Allah ne ya dube ni! Kullum na samu ɗaya sai na rugo gida ina nuna maka kamar ƙaramar yarinya. Kai kuma ka karɓa ka juya, ka ce kai Auta kina da sa'a. Kana kallona. Kana dariya a cikinka."

"Ban yi miki dariya ba."

"Har sadaka na fitar a ciki! Har cewa na yi ka taya ni godiya!"

Muryarta ta karye a nan, amma ta haɗiye kukan. Ba za ta yi shi a gabansa ba.

Ya sassauta murya, ya matso. "Ba ni ƙarfen. In jefa shi rijiya, magana ta mutu. Ba ƙarfe, ba shaida."

Ta ja da baya ta cusa shi cikin rigarta.

"Taɓa ni ka gani."

"Auta, uban 'ya'yanki ne ni. Ɗaure ni za ki sa a yi?"

"Uwar 'ya'yanka fa? Ita da ka tura gaba ka laɓe a bayanta, a ɗaure ta ba komai ko?"

Ya ja da baya ya jingina da teburi.

Ta juya za ta fita. Har ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya. Wani abu ya faɗo mata a rai, ta juyo a hankali.

"Tsaya. Ta yaya suke shiga durowata?"

Ya sunkuya yana tsintar magagarai a ƙasa.

"Da kai nake. Kai ba ka taɓa taka gidan burodin nan ba, ka ce ƙurar fulawa na sa ka atishawa. Durowar kuma ni kaɗai ke buɗe ta. Kenan wani ne yake zuwa ya tsaya a gabana, ya sayi burodi, ya miƙo min su a hannu. Waye?"

"Bar maganar nan."

"Waye?"

"Na ce ki bar ta Auta. Don Allah. Wannan ba zai yi miki daɗi ba."

"Akwai sauran abin da zai yi min daɗi yau? Mace ce? Wata ka samu kuke raba kuɗin, kuna mayar da ni abin dariya?"

"Ba abin da kike tunani ba ne."

Ta dawo ta ɗauki gudumar ta maka a kan teburi. Makullan bango suka yi ta kaɗawa.

"Ka faɗa min sunanta ko in rushe shagon nan a kanmu!"

Labulen ɗan ɗakin baya, inda yake ajiye kayan aiki, ya motsa.

"Rage muryarki Auta. Bakin titi ne nan."

Gudumar ta suɓuce daga hannunta.

Ta san muryar. Ita ta fara ji a duniya.

Mama ce ta fito tana gyara mayafi. Mahaifiyarta. Mama da ke zuwa sayen burodi kowace safiya, in Auta ta ce ta bar shi ta ce a'a, ita ba ta cin kayan mutane kyauta, ta kwance bakin zani ta zuba mata tsaba a tafin hannu.

Yatsunta duk sun yi baƙi da man goge takalmi.

"Mama..."

"Ɗauke idonki a kan yaron nan, ki ja kujera ki zauna," in ji Mama. "Ba shi ya kawo shawarar ba."